Ya ciro laifuka bakwai daga zuciyarsa, amma bai zama mutumin kirki ba

A cikin zane-zane masu motsi na ƙasar Japan, waɗanda ake kira anime, akwai wani mugu da ya aikata abin da mutane da yawa ke fatan a ce yana yiwuwa. Ya leƙa zuciyarsa ya tarar da girman kai, hassada, fushi, kasala, kwaɗayi, zarin ci da sha'awa, sai ya riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a waje. Kowanne ya zama halitta mai ƙafa da baki, yana kiransa Uba, yana yi masa aike. Shi kuma ya koma kan kujerarsa a can ƙarƙashin babban birnin ƙasar, cikin fararen kaya, ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. A cikin wannan natsuwar ya tsara yadda zai zare rayukan mutum kusan miliyan 50 a yini guda.

Labarin shi ne Fullmetal Alchemist, wanda Hiromu Arakawa ta rubuta ta kuma zana. Ya riƙa fitowa wata-wata a wata mujallar Japan daga 2001 zuwa 2010, aka tattara shi a littafi 27. Kamfanin Bones ya mayar da shi zane mai motsi har sau biyu: na 2003 mai kashi 51, wanda ya rabu da littafin ya kama tasa hanyar, da na 2009 mai laƙabin Brotherhood, kashi 64, wanda ya bi littafin sau da ƙafa. A kan na biyun nake magana, kuma wanda bai kalla ba ya sani zan tona ƙarshen kusan kowa. Sunayen miyagun da Turanci suke a labarin, a nan zan kira kowa da sunansa na Hausa.

Masu sharhi a intanet sun fi son lissafa yadda kowane mugu ya yi mutuwar da ta dace da sunansa: mai zarin ci an cinye shi, malalaci ya mutu a gajiye, da sauransu. Akwai hakan a labarin, amma wannan saman ruwa ne. Abin da ya sa nake fifita shi a kan takwarorinsa shi ne wurin da ya ajiye tushen sharrin. Ya ajiye shi a wajen wanda ya yi iƙirarin ya rabu da laifuka, da kuma wajen 'yan Adam da suka karɓi aikinsa hannu bibbiyu. Su bakwai ɗin, in ka duba da kyau, kusan kowannensu abin tausayi ne ta wata fuskar.

Jerin laifukan nan ba a Japan aka haife shi ba, ƙasar da Kiristocinta kusan kashi 1 ne cikin 100. Tushensa a hamadar Masar yake. A ƙarni na 4 wani mai zuhudu Kirista mai suna Evagrius ya lissafa miyagun tunani 8 da ke addabar wanda ya keɓe kansa don ibada. John Cassian, wanda ya zauna da masu zuhudun Masar, ya kai koyarwar Turai. A ƙarshen ƙarni na 6 Fafaroma Gregory na ɗaya ya sake tsara jerin, ya shigar da hassada, ya ce girman kai ne uwar sauran. Abin lura shi ne babu kisan kai a jerin, babu sata. Halaye ne aka jera, waɗanda ake ganin daga gare su ayyukan ke tsirowa.

Musulmi zai tuna hadisin abubuwa bakwai masu halakarwa: shirka, sihiri, kisan kai, cin riba, cin dukiyar maraya, gudu daga fagen daga, da yi wa mata masu kamun kai ƙazafi. Waɗannan ayyuka ne, adadin kawai ya zo ɗaya. Abin da ya fi kusa da jerin Gregory shi ne abin da malamai ke kira cututtukan zuciya, waɗanda Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya ware wa rubu'i guda na Ihya'u Ulumiddin: sha'awar ciki da ta farji, fushi, ƙullin zuciya da hassada, rowa da son dukiya, riya, girman kai da jiji da kai. A babin horar da rai ya yi wani bayani da nake ganin shi ne mabuɗin wannan labari. Ya ce manufar horon ba tumɓuke sha'awa da fushi gaba ɗaya ba ce. In babu sha'awar abinci mutum zai mutu, in babu ta aure zuri'a za ta yanke, in babu fushi mutum ba zai iya kare kansa ba. Abin da ake nema a mayar da su matsakaici, su bi bayan hankali da shari'a. Arakawa ta iso kusa da wannan gaɓa ta tata hanyar, ta hanyar nuna mana halittar da ta zaɓi tumɓukewa.

Uban nan asalinsa wani ɗan baƙin abu ne a cikin kwalba, wanda wani masani ya ƙirƙira da jinin bawa a tsohuwar daular Xerxes, kimanin shekara 400 kafin labarin. Bawan ko suna ba shi da shi, Lamba 23 ake kiransa, kuma na cikin kwalbar ne ya raɗa masa Van Hohenheim. Da sarkin daular ya nemi maganin mutuwa, na cikin kwalba ya yaudare shi aka haƙa da'ira kewaye da ƙasar, a dare ɗaya rayukan jama'a kaf suka koma Dutsen Masana, jan dutsen da ba a haɗa shi sai da ran ɗan Adam. Ya ɗauki rabi ya yi wa kansa jiki, ya ɗura wa Hohenheim rabi, rai 536,329. Uban ya ɗauki nasa rabon a matsayin makamashi. Hohenheim kuwa ya shafe shekaru yana magana da nasa ɗaya bayan ɗaya har ya san sunayensu da abin da kowa ya bari a duniya. Bambancin mutanen biyu ke nan tun kafin a zo maganar laifuka.

A cikin bakwai ɗin, Hassada ne ya fi samun rubutu mai kyau. Baiwarsa rikiɗa ce, yana iya ɗaukar siffar kowa, kuma dama mai hassada ba ya iya zama a cikin fatarsa, kullum da wani yake auna kansa. Dubi yadda ya kashe Maes Hughes, hafsan sojan da ya fara gano makircin. Hughes mutum ne da ya ishi abokan aikinsa da hoton matarsa da 'yarsa, duk wanda ya gamu da shi sai ya zaro masa shi daga aljihu. Cikin dare, kafaɗarsa na zubar da jini, ya shiga rumfar wayar tarho a bakin titi zai kira amininsa Roy Mustang, hafsan soja mai baiwar sarrafa wuta. Hassada ya biyo shi a siffar wata sojar mace, Maria Ross, sai dai ya manta da tawadar Allah da ke ƙarƙashin idonta, Hughes ya gane ba ita ba ce. Ya zaro wuƙa ya juyo zai jefa, sai ya ga matarsa Gracia tsaye riƙe da bindiga. Hannunsa ya tsaya cak. Hoton iyalin da ya faɗi ƙasa ne ya nuna wa Hassada fuskar da zai ara. Da abin da mutumin ya fi ƙauna aka kashe shi, kuma abin nan shi ne ainihin abin da makashin ba shi da shi.

Siffarsa ta gaskiya hawa biyu ce. Ta farko ƙaton dodo ne kore, jikinsa duk fuskokin mutanen Xerxes suna kuka suna roƙo. In an ƙone wannan, abin da ke saura 'yar mitsitsiyar halitta ce da ba ta cika tafin hannu ba. Mustang ya rutsa shi a ramukan ƙarƙashin birni ya dinga babbaka shi, ya ƙone masa harshe, ya ƙone masa idanu, har ya koma wannan 'yar halittar, ya ɗora mata takalmi. Nan mataimakiyarsa Riza Hawkeye ta saita shi da bindiga, Edward Elric jarumin labarin ya fizge halittar, Scar kuma, ɗan yankin Ishval da sojoji suka karkashe wa mutane, wanda ya san ɗacin ramuwa fiye da kowa a wurin, ya sa baki. Ba tausayin Hassada suke ji ba. Gudu suke kada mutumin da ke neman shugabancin ƙasa ya zama bawan ɗaukar fansa. Da ƙyar Mustang ya sauke hannu.

Sai Hassada, daga cikin hannun ƙarfen da Edward ke da shi a madadin nasa da ya rasa, ya shiga sana'ar da ya iya. Ya tuna wa Edward cewa Scar ne ya kashe iyayen Winry, ƙawarsa ta yarinta. Ya tuna wa Scar cewa sojojin nan biyu suna cikin waɗanda suka yi wa mutanensa kisan kiyashi. Yana ta zuga su su far wa juna, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ba wanda ya motsa. Edward ya dube shi ya ce ashe mutane yake yi wa hassada: ga su raunana, suna faɗuwa suna tashi, in sun kasa na kusa da su su ɗaga su. Hassada ya fashe da kuka, ya ciro dutsen da ke riƙe da ransa ya murƙushe da kansa.

Wutar Mustang ba ta kashe shi ba, gane shi da aka yi ne ya kashe shi, kuma wannan sanin halin ɗan Adam ne na gaske. Mutum zai iya cewa ni mai saurin fushi ne, ko ni ba na wasa da cikina, har ma ya faɗa da alfahari. Amma da wuya ka ji wanda ya ce wane nake yi wa hassada. Kullum sai ta ari wata riga, ta raini ko ta kishin gaskiya. Tun farkon labarin Hassada tsutsotsi yake kiran mutane, ashe rainin nan murfi ne.

Kwaɗayi shi ne ya fi jawo gardama. Shi kaɗai ya yi wa Uban tawaye, ya gudu ya kafa zama a wata mashaya a garin Dublith tare da tsoffin sojojin da aka yi gwaji da su aka haɗa jikinsu da na dabbobi. Da bakinsa yake faɗa cewa komai yake so, kuɗi, mata, mulki, suna, rai madawwami, mutanen da ke tare da shi kuwa kayansa yake kiransu. Shugaban ƙasa Bradley ya zo ya karkashe su, aka kama Kwaɗayi aka narkar, daga baya aka sake zuba shi a jikin Ling Yao, ɗan sarkin ƙasar Xing, ba ya tuna komai. Wata rana Bido, ɗaya daga cikin yaransa da ya tsira, ya gane shi ya matso da murna. Kwaɗayi ya soke shi. Gawar tana hannunsa jikinsa ya ɗauki rawa, abin da aka goge ya dawo masa, Ling kuma daga ciki yana yi masa tsawa cewa abokai ba a wanke su daga rai. Daga ranar bai sake yi wa Uban aiki ba. A yaƙin ƙarshe, yana kallon jama'a suna kiran sunan Edward suna ƙarfafa masa gwiwa, ya amsa wa Ling cewa abin da yake nema tun farko abokai ne irin waɗannan. Da Uban ya zo zuƙe shi, ya yi wa Ling ƙarya, shi da ke tinƙahon ba ya ƙarya, don yaron ya saki hannu ya tsira. Ya shiga jikin Uban ya mayar da shi gawayi mai rugurgujewa.

Wani zai ce to ai an yi wa kwaɗayi kwalliya ke nan, an mayar da shi gwarzo a idon yara, alhali mun taso muna jin kwaɗayi mabuɗin wahala. Damuwar ba ta banza ba ce, kuma akwai anime da suka cancanci zargin. A Nanatsu no Taizai na Nakaba Suzuki, wanda ya fara fitowa a 2012, jaruman ne ke ɗauke da sunayen laifukan, har sunan ya koma tamkar kirarin ɗan dambe. A nan lamarin dabam ne. Duk lokacin da Kwaɗayi ya bi handama, hannunsa wayam yake dawowa, ramin da ke cikinsa kuma ba ya cika. Abin da ya gyara shi zama ne a jiki ɗaya da Ling, wanda shi ma sarauta yake kwaɗayi, amma saboda ƙabilarsa da waɗanda ke ba da ransu dominsa. Ba a kashe son da ke zuciyarsa ba, alƙibla aka juya masa, kuma ya ƙare da ba da ransa, abu na ƙarshe da makwaɗaici zai yarda ya saki. Yaron da ya kalli wannan da idon basira ba handama zai koya ba.

Wanda masu kallo suka fi rainawa shi ne Kasala, kuma a nan na saɓa musu. Ƙato ne mai sarƙa a wuyan hannu, ba ya haɗa doguwar magana, kalmarsa ɗaya ce: komai wahala ne. Amma shi aka sa ya haƙa rami kewaye da ƙasar Amestris baki ɗaya, ƙasar da labarin ke gudana a cikinta, da hannunsa, shekara da shekaru, kuma ramin nan shi ne da'irar da za a zare rayukan jama'a da ita. Shi ne ma ya fi duka bakwai ɗin gudu. Ta yaya malalaci ya fi kowa aiki? Kasalar da masu zuhudun Masar suke nufi ta wuce kwanciya. Mutuwar zuciya suke nufi, ko-in-kula da abin da ya wajaba mutum ya damu da shi. Kasala yana haƙa ne saboda ƙin bin umarni na buƙatar tunani, tunani kuma wahala ne. Bai taɓa tambayar me za a yi da ramin ba. A wurina shi ya fi kowa kama da mutanen da kowace azzalumar gwamnati ke tsayuwa a kansu, akawu mai buga hatimi, direba mai kai kaya, soja mai cewa umarni aka ba ni. Suna zuwa aiki a kan lokaci, suna gumi, ba wanda zai kira su malalata.

Fushi kuwa shi ne shugaban ƙasa da kansa, King Bradley, dattijo ɗan shekara 60 mai yawan murmushi, ido ɗaya a rufe. Wanda ke jiran fushi mai kumfar baki ba zai gane shi ba. A jana'izar Hughes an ga hannunsa na rawa a kan takobi lokacin da 'yar marigayin ke kuka tana cewa kada a rufe babanta da ƙasa, yana da aiki da yawa. Kowa ya ɗauka alhini ne. Daga baya ya gaya wa Mustang cewa haushin kukan yarinyar ne. Asalinsa ɗan Adam ne. Tun yana jariri aka tara su da yawa aka rene su don a fitar da shugaba, aka riƙa yi musu allurar dutsen, waɗanda aka yi wa kafinsa suka mutu, shi ya rayu da rai ɗaya tak mai cike da fushi. Suna, muƙami, ɗa, tarihi, duk ba shi aka yi. Matarsa kaɗai ya zaɓa da kansa.

Ɗora fushi a kujerar mulki shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a labarin, domin fushin da ya sami hatimi da runduna ba ya buƙatar ɗaga murya. A 1908 na kalandar labarin, bayan shekara bakwai ana yaƙi a yankin Ishval, Bradley ya sa hannu a kan umarni mai lamba 3066 na shafe al'ummar yankin. Babban malamin addininsu ya zo gabansa ya miƙa kansa, ya ce a ɗauki ransa a bar sauran. Bradley ya amsa masa cewa ran mutum ɗaya darajar rai ɗaya gare shi, ba ƙari, aka ci gaba da kisa. Wanda ya kawo ƙarshensa Scar ne, ɗan Ishval da shi ma fushi ya mayar da shi makashi. Sai dai Scar ɗin da ya tsaya gaban Bradley ba na farkon labari ba ne. Malaminsa ya riga ya koya masa bambancin jurewa da yafewa, kuma a lokacin yana ɗauke da zane a fatar hannuwansa, na hannu ɗaya mai ba shi ikon rusawa, na ɗayan mai ba shi ikon ginawa. Fushinsa na nan, amma ya sami linzami. Da Lan Fan, mai tsaron Ling, wadda Bradley ya kashe wa kaka, ta tambaye shi ko yana da saƙo ga matarsa, ya ce ita ce macen da ya zaɓa, ba su buƙatar wasiyya a tsakaninsu.

Girman Kai an ba shi jikin ƙaramin yaro, Selim, ɗan riƙon Bradley, mai ladabi da gaisuwa. Makaminsa inuwa ce mai idanu da haƙora, don haka sai da haske yake da ƙarfi. In aka rufe shi a duhun da babu ko ƙyalli, yaro ne kawai. Ya haɗiye ɗan'uwansa Zarin Ci ba tare da ko ɗar ba, amma da jikinsa ya fara rubewa sai ya nemi ya fake a jikin Edward, ɗan Adam ɗin da yake ƙyama. Ya ƙare a matsayin ɗan tayin da bai kai yatsa ba, matar Bradley ta ɗauka ta rena. Uwar laifukan, a lissafin Gregory, ita kaɗai aka bar wa damar sake farawa daga ƙasa.

Sauran biyun ba su kai waɗannan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Zarin Ci yana da tunani ɗaya mai kyau a bayansa: cikinsa gwaji ne da ya lalace, Uban ya so ƙera ƙofar sanin gaibu sai ya sami rami marar iyaka. Ban da wannan, ɗan rakiya ne. Sha'awa kuwa ita ce mace ɗaya tilo a cikinsu, kuma an yi mata abin da aka saba yi wa mata a irin waɗannan labaran: maimakon a nuna abin da take sha'awa, an mayar da ita abin sha'awar masu kallo. Ta yaudari soja Jean Havoc ta nakasa shi, Mustang ya ƙone ta tun a kashi na 19, shi ke nan. Zanen 2003 ya fi yi mata adalci, inda ya ba ta tarihi da burin zama mutum.

Mu koma kan Uban. Da Hohenheim ya same shi a ƙarƙashin ƙasa ya tambaye shi dalilin yar da halayen nan. Ya ce masa gaskiya ne in sun yi yawa suna halakarwa, amma ba a fahimtar ɗan Adam sai da su. Uban ya ce shi ba mutum yake son zama ba, cikakke yake son zama. To amma duba shi da kyau. Wanda ya ce ya fitar da kwaɗayi yana neman mallakar ilimin duniya duka. Wanda ya ce ya fitar da girman kai yana neman haɗiye abin da labarin ya kira allahntaka, da'awar da mai karatu zai tuna Fir'auna ya yi. Wanda tun yana kwalba yake yi wa mutane dariya don suna son iyali, shi ne ya ƙirƙiri 'ya'ya ya ce su kira shi Uba. Halayen ba su bar shi ba. Abin da ya rasa shi ne ikon ganinsu a jikinsa, tunda yanzu suna da sunaye da fuskoki suna yawo a waje. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Wannan ya taka nasa har ya yarda babu tudun.

Shi ya sa nake ganin wannan sashe ya shafi masu addini fiye da kowa, Musulmi da Kirista. Mutumin da ya san yana da fushi yana iya tsare harshensa. Wanda ya tabbatar wa kansa cewa ya wuce wannan matakin, duk abin da ya fito daga gare shi gaskiya zai kira shi, ko da zalunci ne tsagwaronsa. Edward, wanda labarin ya fara da girman kansa lokacin da shi da ƙanensa Alphonse suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu daga mutuwa, ya rasa ƙafa da hannu, ƙanen ya rasa jiki duka, bai taɓa cewa ya tsarkaka ba. Da suka gano da me ake haɗa dutsen, suka ƙi amfani da shi don gyara jikinsu. A ƙarshe ya ba da baiwarsa ta alkimiya, wato ikon juya wani abu ya koma wani, gaba ɗaya ya karɓo ƙanensa, ya yarda ya zama mutum kamar kowa.

Kuma abubuwan da suka fi tayar da tsigar jiki a labarin ba bakwai ɗin ne suka aikata su ba. Shou Tucker, wanda ya haɗa 'yarsa Nina da karensu don kada ya rasa lasisin gwamnati, ɗan Adam ne. Solf Kimblee, mai jin daɗin ƙarar fashewa a Ishval, ɗan Adam ne. Manyan janar-janar na babban birni sun san shirin sarai, suka sayar da jama'arsu don an yi musu alkawarin ba za su mutu ba. Halittu bakwai ba za su iya tafiyar da ƙasa mai mutum miliyan 50 ba. Sai da aka samu masu sa hannu.

A nan ne kuma nake da ƙorafi mafi girma a kan labarin. Yaƙin Ishval ya faro ne da harbin wani ƙaramin yaro da wani hafsan soja ya yi, daga baya aka bayyana cewa Hassada ne ya ari siffar hafsan. Wannan yana da haɗari, domin yana iya ba mai kallo mafaka ya ce ashe dodanni ne suka haddasa, mutane yaudararsu aka yi. A tarihin gaske ba a buƙatar mai rikiɗa kafin soja ya harbi yaro. Arakawa ta san da wannan. Ta taso a gonar kiwon shanu a tsibirin Hokkaido, ta kuma taɓa bayyana cewa kakanninta na cikin manoman da suka zauna a ƙasar da aka ƙwace wa ƙabilar Ainu, sannan ta tattauna da tsoffin sojoji lokacin da take rubutun. Shi ya sa ta sa Hawkeye ta gaya wa Edward cewa ko da wasu ne suka kunna wutar, su ne suka riƙe bindigogin, kuma burin Mustang shi ne in ya hau mulki ya mayar da iko ga majalisa, ko da hakan na nufin a gurfanar da su biyun a matsayin masu laifin yaƙi.

Magana ce mai nauyi, amma labarin bai cika ta ba. An hukunta kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin a gaban idonmu, dalla-dalla, wasu har kashi guda aka ware wa mutuwarsu. Mustang kuwa, wanda ya ƙone unguwanni da mutanen cikinsu, ya rasa ganinsa a yaƙin ƙarshe, sai likita Marcoh ya miƙa masa dutsen da aka haɗa da rayukan mutanen Ishval don ya warke, bisa sharaɗin ya sake gina yankinsu. Ya karɓa, ya ci gaba da hawa muƙami. Sake gina Ishval aiki ne mai kyau, kuma an nuna Scar da hafsa Miles sun shiga cikinsa. Shari'ar da Hawkeye ta ambata dai ba a nuna ta ba, ba a kuma tambayi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira daga Ishval ba ko ya yarda a yi amfani da rayukan 'yan'uwansa a gyara idon wanda ya ƙone su.